SABUWA ƊAYA KO TSOFAFFI HUƊU?

Malam Edita, ina roƙonka ɗan fili cikin wannan mujalla tamu domin in ƙarasa wata magana wadda na fara a taron ƙungiyarmu ta masu sha'awar ɗaukar hoto, amma dariya ta hana ni kai ta gaci. Ga waɗanda ba su halarta ba, abin da ya faru ke nan. Tun zangon da ya wuce mu ke tara kuɗi, kowa yana ba da abin da ya sawwaƙa, waɗansu malamanmu kuma suka sa mana hannu, har abin ya ɗan yi kauri. Sai shugabanni suka kawo shawara a ƙara jira zango guda, a ƙara tarawa, sa'an nan a aika Ikko a sayo sabuwar kyamara guda ɗaya fil a kwali, irin ta yayi. Ni kuwa na ɗaga hannu na ce, me zai hana a ɗauki abin da ke hannu yanzu a sayi tsofaffi na hannu guda huɗu? Ban rufe baki ba sai wani daga baya ya ce, "Araha ba ta ado!" Ɗaki ya kwashe da dariya, shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure, aka watse.

Ban ji haushi ba. Mai maganar abokina ne, ɗaki ɗaya mu ke kwana, da bokitina ma ya ke wanka. Amma tun da ya ke za a jefa ƙuri'a a taro mai zuwa, kuɗin nan kuwa gumin kowa ne, waɗansunmu har abincin dare suka haƙura da shi kafin su kawo nasu, na ga ya kamata in shimfiɗa hujjata a inda ba mai katse ni.

Mu fara da ƙidaya kawunanmu. Sunayen da ke cikin littafin ƙungiya sun haura talatin. In aka sayo kyamara ɗaya mai tsada, ina za ta zauna? Kowa ya san amsa. Za ta zauna cikin kabad, kabad cikin ofis, mabuɗi cikin aljihun mutum ɗaya, mutumin kuwa ya shiga gari. A makarantar da na fito akwai wani madubin duba ƙananan halittu wanda aka kawo mana kyauta. Shekara shida na yi a wurin, sau biyu na ga an fito da shi, duka biyun kuwa ranar da manyan baƙi suka zo ne. Ba mugunta ta sa haka ba, tsoro ne. Abin da ya ci kuɗi da yawa ba mai so ya lalace a hannunsa, wanda aka danƙa wa amanarsa kuma ba ya son ba da aro. Haka za a yi da sabuwar kyamarar nan. Za a fito da ita ranar bikin yaye ɗalibai da ranar guje-guje, mutum biyu ko uku waɗanda sun riga sun iya su riƙe ta, sauranmu mu tsaya gabanta muna murmushi. To, in tsayawa gaban kyamara mu ke so, ai ba sai mun kafa ƙungiya ba.

Ba da ka na ke magana ba, ina da tsohuwa a hannuna. Sunanta Nikon D40, an fara fito da irinta a 2006, sa'ad da ko aji ɗaya ban shiga ba. Bara na saye ta da kuɗin da na samu wajen haƙar dankali lokacin hutu, ita da gilashinta da batir da caja duka kuɗinsu bai kai na wayar da yawancinku ke riƙe da ita ba. Robar wurin riƙo ta fara ɓanɓarewa, fenti ya koɗe a gefe, allon bayanta inci biyu da rabi ne kacal. Amma hoton 'yan ƙwallonmu da ke manne a allon sanarwa, wanda waɗansunku suka roƙe ni in wanke musu nasu, da ita na ɗauka. Abokin nan nawa mai cewa araha ba ta ado yana layin gaba a durƙushe, ya kuwa yi ado ƙwarai.

Mutane suna tsammani in kaya ya faɗi warwas a kasuwa, lalle wani ciwo gare shi. A nan ba haka ba ne, tarihin abin kuwa shi zai nuna. Hoton kyamarar da ba ta cin fim ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera kamar saƙar tabarma. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa ta farko. Nauyinta ya fi kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000, sai ta yi sakan 23 kafin ta rubuta hoto guda a kaset. A 1999 kamfanin Nikon ya fito da D1 mai ɗigo miliyan 2.7, kuɗinta ya haura dala 5,000, manyan jaridu kuwa suka saya suna cika shafunansu da hotunanta. A 2003 kamfanin Canon ya fito da 300D a ƙasa da dala 1,000, daga nan masu ƙaramin ƙarfi suka sami shiga. Aka yi shekara da shekaru ana ƙera irin waɗannan masu madubi a ciki, miliyoyinsu, har 2018 da kamfanonin nan biyu suka juya da gaske ga sabon samfuri marar madubi, na Nikon a ke kira Z, na Canon kuma R. Sai masu hali a Turai da Amurka da Japan suka shiga sayar da na dā domin su sayi na yayi. Su ne ke iso mana cikin kayan gwanjo. Ba aikinsu ne ya ragu ba, yayinsu ne ya wuce. Hoton da D40 ta iya ɗauka a 2006 shi ta ke ɗauka yau, gama hasken rana bai sake ba.

Wani zai ce, ai ɗigo miliyan 6 na D40 ya yi kaɗan, wayata ma an rubuta mata miliyan 50. To, mu malamai ne, bari mu kai lissafin allo. Hoton D40 yana da ɗigo 3,008 a tsawo, 2,000 a faɗi. Masu buga littattafai sun ɗauki ɗigo 300 a kowane inci a kan aiki mai kyau, wanda ido ba ya rarrabe ɗigonsa ko an kawo takarda kusa da hanci. Raba 3,008 da 300, ka sami inci 10. Raba 2,000, ka sami inci 6 da kashi biyu cikin uku. Watau hoto mai girman shafin littafin rubutu, tsaf. Wanda za a manna a bangon aji a duba daga nesa kuwa, ana iya ninka wannan. Wa ke cikinmu ya taɓa wanke hoton da ya fi haka? Yawancin hotunanmu ma a allon waya su ke ƙarewa, allon da ɗigonsa bai wuce miliyan uku ba. Wanda duk da haka ya ke son ƙari, akwai Nikon D3100 ta 2010 mai miliyan 14, da Canon 550D ta wannan shekarar mai miliyan 18, da Canon 1100D ta 2011 mai miliyan 12. Duka ukun suna ɗaukar bidiyo, abin da D40 ba ta yi.

Maganar waya kuwa ba ta raini ba ce, ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo mini, daga bakin waɗanda ke cewa a bar sayen kome ma. In dare ya yi, ko cikin ɗaki mai duhu, waya mai kyau ta zamani tana iya ka da D40, domin tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa su ta gyara. Ga ta kuma cikin aljihu kullum. Na yarda da wannan. Ko da ya ke farantin da ke karɓar haske cikin D40 ya kusa milimita 24 a tsawo da 16 a faɗi, kamar kan sarki, na wayoyi masu araha irin namu kuwa bai fi ƙwayar wake ba, ba a nan na kafa hujjata ba. Abin da ya dame ni shi ne, waya ita ke yanke shawara, kai dannawa kaɗai ka ke yi. In hoto ya yi kyau ba ka san dalili ba, in ya ɓaci ba ka san inda za ka gyara ba. Kamar yaro ne da aka miƙa wa na'urar lissafi tun bai haddace biyu sau biyu ba. Amsa za ta fito daidai, amma wane malami cikinmu zai ce yaron ya iya lissafi?

Abin da a ke koyo kuwa uku ne kaɗai. Ɗauki kyamara kamar ɗaki mai duhu wanda ke da taga ɗaya. Na fari shi ne faɗin kafar da haske zai bi. Lambobinsa su ne irin su 3.5 da 5.6 da 8 da 11 da 22, da wani abu na bauɗewa, wai in lamba ta yi girma kafa tsukewa ta ke yi. Kafa mai faɗi takan fito da mutum sarai ta dusashe abin da ke bayansa, tsukakkiya kuwa takan fito da kome, tun daga ciyawar da ke gabanka har dutsen da ke can nesa. Na biyu shi ne daɗewar da ƙyauren tagar zai yi a buɗe. Ɗan wasan da ke gudu sai kashi ɗaya cikin 500 na sakan kafin ka tsai da shi cak. In ka bar ƙyaure ya daɗe fiye da ɗaya cikin 60 kana riƙe da ita a hannu, rawar hannunka za ta fito cikin hoton, sai dai ka jingina da bango ko ka aza ta bisa tebur. Na uku shi ne abin da aka rubuta ISO, watau yawan ƙarfin da za a ƙara wa ɗan hasken da ya shigo. In ka ɗaga shi zuwa 1600 za ka iya aiki da magariba, amma hoton zai fito gari-gari kamar tuwon tsaki. Kowane ɗaya ka taɓa, sai ka biya da ɗaya daga cikin sauran.

Wannan ciniki ba a koyonsa da karatu. Sai ka ɗauki hoto ɗari ka ɓata casa'in, ka zauna ka duba abin da ya ɓata su. Masu fim na dā kowane kuskure kuɗi ne gare su, naɗi guda hoto 36 ne, ga kuɗin wanki. Mu namu kuskuren sharewa kawai a ke yi. Amma sai kyamara tana hannunka tukuna. Mutum talatin da kyamara ɗaya, ko an yi adalci irin wanda ba a taɓa gani ba, kowa kwana ɗaya zai samu a wata. Da huɗu, kusan kwana ɗaya a kowane mako.

Yanzu sai inda haɗarin ya ke, gama ba zan ɓoye muku ba, kasuwar kayan hannu tana da ramuka. Da fari, kada a yi cinikin biri a sama. Kada ka aika wa kowa kuɗi don ka ga hoton kaya a Facebook ko WhatsApp. Tafi da ƙafarka, da rana, da katin ajiyar hoto naka a aljihu, ka kuma ɗauki wanda ya fi ka sani. Kada kyawun jiki ya ruɗe ka, ƙujewa a waje ba kome ba ce. Cire gilashin, ka haska shi da fitilar waya ta baya, ka leƙa. 'Yar ƙura a ciki ba ta hana kome. Amma in ka ga wani abu fari-fari mai rassa kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, tana cin fuskar gilashi, ajiye musu abinsu. Mai da gilashin, ka tsuke kafa zuwa 22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka faɗaɗa hoton a allo. Tabo-tabo baƙaƙe ƙura ce bisa faranti, ana sharewa. Siririn layi daga sama har ƙasa kuwa ciwo ne wanda maganinsa ya fi kuɗin kyamarar. Ɗauki abu na kusa da na nesa, ka ga ko tana saita kanta ba tare da dogon kai da kawowa ba. Taɓa kowane maɓalli, ta da fitilar da ke kanta, buɗe gidan batir ka duba ko akwai tsatsa ko wani kore-kore, alamar ta taɓa shan ruwa ke nan.

Sa'an nan ka nemi shekarunta na aiki, ba na kalanda ba. Kamar yadda mota ke da mil, haka kyamara ke ƙidaya sau nawa ƙyaurenta ya buɗe ya rufe. Na Nikon sukan rubuta wannan lamba a ɓoye cikin kowane hoto, akwai kuma shafuna a intanet inda za ka ɗora hoton su karanta maka kyauta. Na Canon ya fi wuyar gani, galibi sai an haɗa ta da kwamfuta. Kamfanin Nikon ya ce ya gwada ƙyauren D3100 har sau 100,000. In ka sami wadda ta yi 20,000, saura 80,000 ke nan. Ko hoto 50 ka ke ɗauka kowace rana ba fashi, sai ka yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ka cinye su. Akwai wadda wani ya saya domin tafiya hutu, ya dawo ya jefa cikin akwati, ita a ke nema. Wadda ta sha biki da suna a hannun mai sana'a kuwa, ko tana ƙyalli ta gaji.

Ni kaina na faɗa rami ɗaya, bari in nuna muku bakinsa. Bayan wata uku da sayen tawa na ji ana yabon gilashi mai milimita 50, mai kafa 1.8, wai ba kamarsa wajen hoton fuska, ga shi da araha. Na tara na je wani shago, mai shago ya ce ai duk na Nikon ɗaya ne, zai shiga. Ya kuwa shiga, gama bakin da a ke ɗaura gilashi a kai a irin waɗannan kyamarori nasu iri ɗaya ne tun 1959. Sai da na komo makaranta na ga ba ya saita kansa. Ashe D40 da D3100 da ƙananan 'yan'uwansu ba su da injin juya gilashi a jikinsu, sai gilashin da ya zo da nasa injin, wanda a ke rubuta wa AF-S. Nawa kuwa AF ne kawai, da harafin D a ƙarshe. Na koma, mai shago ya nuna mini rubutu a bango cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Har yau yana wurina, da hannu na ke murɗa shi, yana kuwa fitar da hoto mai kyau in mutum ya yarda ya tsaya shiru. Masu Canon sun huta da wannan, domin kowane gilashinsu na EF tun 1987 da injinsa a ciki. Mai farawa dai ya tsaya kan gilashin da ke zuwa tare da kyamara, mai 18 zuwa 55, har shekara guda, kafin kwaɗayi ya kai shi shago.

Ƙananan abubuwa ma suna ka da mutum. D40 tana karɓar katin SD har mai gig 32, amma manyan nan masu 64 zuwa sama ba ta san su ba. Ba ka ma bukatarsu, mai gig 8 yana ɗaukar hotonta fiye da 2,000. Tsofaffin Canon irin su 350D da 400D wani faffaɗan kati su ke ci, CF, ramin da a ke sa shi yana da 'yan allurai masu saurin lanƙwashewa, ni da zan zaɓa wa ƙungiya sai in tsallake su. Batirin da ya shekara goma ya tsufa, a sa kuɗin sabo cikin lissafi tun farko. Kada kuma a baro shago ba tare da rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamara da sunan mai sayarwa ba. Kayan sata suna yawo cikin kayan hannu, ba kuwa wanda ke so a zo har cikin kwaleji a tambaye shi inda ya samo.

In an kawo su gida, maƙiyansu biyu ne, damina da hunturu. Da damina kada a ajiye su cikin jakar fata ko ƙarƙashin tufafi a akwati. A nemi roba mai murfi mai kamawa, irin ta ajiye abinci, a zuba 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da a ke samu cikin kwalin sabon takalmi, masu shanye laima, a riƙa sake su. Abin da ya fi duka shi ne a riƙa fito da su ana aiki, gama funfuna duhu da zama wuri ɗaya ta ke so, kun ga wani laifin kabad ke nan kuma. Da hunturu kada ka cire gilashi a fili cikin iska. Shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamara ƙasa, ka sake da sauri. Kada ka hura cikinta da baki, kada ka goge gilashi da bakin riga.

Duk da wannan, wata rana wata za ta mutu, ba takardar lamuni, kayan gyaranta ma mai yiwuwa sai an sha wuya. Wannan shi ne abin da shugabanninmu ke tsoro, ban kuwa ga laifinsu ba. Amma in ɗaya cikin huɗu ta mutu saura uku, gilashinta da batirinta da cajarta su zama gādon sauran, in dai mun yi wayo mun sayi samfuri ɗaya. In sabuwa tilo ta suɓuce daga hannun wani ɗan shekarar fari ta faɗi bisa siminti fa? Takardar lamuni ba ta biyan faɗuwa. Ƙungiya ta tashi ke nan, yaron kuma ya shiga uku har ya gama kwaleji.

Wanda ke jin kunyar fara aiki da ƙaramin kaya ya tuna da J. D. 'Okhai Ojeikere. An haife shi a 1930 a wani ƙauye cikin ƙasar da ta zama Jihar Edo. A 1950 ya sayi 'yar kyamarar akwati, Brownie D, a kan fam biyu, wani maƙwabcinsa ya nuna masa yadda a ke yi. A 1954 ya sami aiki a ɗakin wanke hoto na ma'aikatar watsa labarai a Ibadan. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, a titi da ofis da wurin biki, har ya tara wajen dubu. Kitso abu ne da a ke tsefewa bayan 'yan makonni, ba don shi ba da yawancin waɗannan salo sun tafi ba shaida. Kafin ya rasu a 2014 an rataye hotunansa a manyan gidajen nune-nune na Turai da Amurka. Daga baya ya riƙe manyan kyamarori, gaskiya ne, amma a kan ta fam biyu idonsa ya buɗe.

Mu kuwa ba gidajen nune-nune mu ke nufa ba, aji za mu. Lokacin gwajin koyarwa aka tura ni wata makarantar firamare a ƙauye, aka ba ni darasi a kan zaizayar ƙasa. Zanen da ke cikin littafin ɗan ƙarami ne, baƙi ƙirin, ba a gane kansa balle gindinsa. Ran Asabar na zaga bayan gari na ɗauki kwazazzabon da ke cin gonakin iyayen yaran, da tsohon kududdufin da masu haƙar kuza suka bari, da gonar wani tsoho wanda ya jera duwatsu a gangare ya tare ruwa. Da tsakar rana na fara zuwa, kwazazzabon ya fito kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma. Sai da na koma da la'asar sakaliya, inuwa ta faɗa ciki, sa'an nan zurfinsa ya bayyana. Tsohuwar nan ce ta koya mini haka, domin ba ta rufa mini asiri in na yi kuskure. Na wanke guda shida na kai aji. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka yi ta rige-rigen magana, wannan ya ce gonar kawunsa ce, wancan ya ce a nan akuyarsu ta faɗa bara. Ban sha wuyar darasin nan ba ko kaɗan.

Da yawanmu ƙauyuka za a tura mu. A can rumbunan laka masu hular ciyawa suna raguwa, masu ginin tukunya tsofaffi ne, masu sussukar acca da waƙa ba su kai na dā ba. Mai hoto na birni ba zai je can ba sai an biya shi. Malamin makaranta kuwa yana can rani da damina, kowa ya san shi. Sai dai a kiyaye abu guda, a roƙi izini kafin a ɗaga kyamara. Tsoho a gaishe shi a gaya masa dalili, in ya ƙi a bar shi, in ya yarda a wanke a kai masa nasa. Yara kuwa sai da yardar hedimasta da iyayensu, hotunansu kuma na aji ne, ba na watsawa a Facebook ba.

Ga abin da zan kawo gaban taro. A sayi huɗu samfuri ɗaya, D3100 ko 1100D, duk wadda aka samu da lafiya, kowace da gilashinta mai 18 zuwa 55, da batir biyu, da kati, da robarta mai murfi. Na zaga na tambaya, abin da ke hannunmu zai isa in ba a yi jinkiri ba, gama farashin kayan nan dala ya ke bi. A naɗa mutum uku su tafi kasuwa tare, ɗaya daga cikinsu malami. A buɗe littafin aro, kowa kwana biyu, ya sa hannu ya karɓa, ya sa hannu ya mayar. Ran Asabar a taru a duba abin da aka ɗauko, har da waɗanda suka ɓaci.

Mai shakka ya same ni ran Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu da rabi a gindin mangwaron da ke bayan ɗakin karatu. Zan zo da D40, har da gilashin nan da ba ya saita kansa, kowa ya riƙe ta ya ɗauki biyar da hannunsa. Abokina ya ce zai zo, wai don ya ga ƙarshen abin. Na gaya masa in zai zo ya biyo mini da bokitina.